Babi na Biyar: Gishiri da Ɗan Rakiyarsa

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai gudawa ya san 'yar fakitin nan ta ORS da ake bayarwa a asibiti ko a saya a kemis. A juye garin cikin ruwa mai tsabta, a motsa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. Gishirin da ke ciki ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya san zawo yana kwashe gishirin jiki. To sukarin fa? Na sha yi wa mutane wannan tambaya, har da waɗanda suka yi nisa a boko, kuma amsar ba ta wuce biyu: an sa shi don yaro ya yarda ya sha, ko kuma don ya ba shi ƙarfi. Babu wadda ta dace a cikinsu. Da za a cire sukarin a ba mai kwalara tsurar ruwan gishiri, mafi yawan ruwan zai bi hanji ya fice kamar yadda ya shiga. A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗe wa gishiri sai ya zo da sukari, ba ta kuma buɗe wa sukari sai ya zo da gishiri. Wannan ƙofa da 'yan uwanta su ne zancenmu a wannan babi.

Mun gani a babin da ya wuce cewa jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta, wato sel, kimanin tiriliyan 30, kuma kowane sel a naɗe yake cikin tantani na maiƙo. Don tsabar rashin kaurinsa, sai an jera irinsa fiye da 10,000 kafin su kai kaurin takarda ɗaya. Amma maiƙo dai maiƙo ne, ba ya shiri da ruwa, ba ya shiri da abin da ya narke a ruwa. Iskar oksijin tana ratsa shi yadda ta ga dama. Gishiri da sukari da amino asid, tubalan da ake gina furotin da su, ba su da wannan gata, dole sai sun bi ta ƙofa. Ƙofofin kuwa furotin ne da aka dasa a jikin tantanin, kowace da irin kayan da take bari su wuce.

Idan gangara za a bi, ƙofa kawai ta wadatar. Ɗiga bula a bokitin wanki, ko ba ka motsa ba za ta bazu daga inda ta yi yawa zuwa inda babu ita, ba tare da an kashe ko anini ba. Wahalar tana wajen hawa. Ɗauki hanji bayan an ci tuwo. Sitacin ya narke ya zama sukarin da ake kira gulukos, da farko ya cika hanjin, amma bayan 'yan sa'o'i ɗan abin da ya rage bai kai wanda ke cikin jini yawa ba. Jiki kuwa yana son ya suɗe shi tas. Da a ce ƙofar sake ce, mai barin kaya su bi gangara duk inda ta nufa, da zancen ya juye: sukarin jini ne zai riƙa tsiyaya cikin hanji, mai azumi ya yi ta asarar ɗan abin da ya rage masa tun kafin azahar. Saboda haka dole a ja gulukos daga inda ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa, wannan kuwa sai an biya.

Kuɗin da sel ke kashewa wani sinadari ne da ake kira ATP. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne kowace ƙofa tana da nata mai karɓar kuɗi, a ba da ATP, a wuce da kaya. Masana ma sun daɗe suna zaton wani abu mai kama da haka game da gulukos. Ashe sel ya fi su dabarar kasuwanci. Wuri ɗaya yake biya.

Wanda ya gano wurin biyan shi ne Jens Skou, likita ɗan ƙasar Denmak da ke jami'ar Aarhus. Ba abin da ya fita nema ba ke nan, yana binciken yadda allurar kashe zafi ke aiki ne a jijiyoyin ƙafar ƙaguwa. A 1957 ya ba da rahoton wani furotin da ke ƙona ATP, amma sai idan akwai sodiyam da fotasiyam tare. Sodiyam rabin gishirin miya ne. Idan gishiri ya narke a ruwa, rabuwa yake yi gida biyu, sodiyam mai ɗauke da cajin lantarki na tabbas, da kuloraid mai ɗauke da kishiyarsa. Furotin ɗin Skou famfo ne. Duk ATP ɗaya da ya ƙona, yana fitar da sodiyam uku waje, ya shigo da fotasiyam biyu ciki, dare da rana, a kusan kowane sel na jikin dabba. Sai da aka yi shekara 40 kafin a ba shi kyautar Nobel a kan wannan, a 1997.

Mai gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama zai gane wannan da sauri. Sau ɗaya yake sayen mai ya tayar da janareto, inji ya tura ruwa sama. Daga nan banɗaki da kicin da wurin alwala duk su samu ruwa, babu wanda aka ajiye wa nasa janareton. Nauyin ruwan da ke sama shi ke yin aikin. Famfon Skou ma tanki yake cikawa, sai dai tankinsa sodiyam ne da ya tara a wajen sel. Sodiyam ɗin da ke waje ya ninka na ciki kusan sau goma. Ga kuma ƙarin ja: cikin sel yana da caji na kishiya, kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 1,000 na bolt ɗaya. Idan aka kwatanta da batirin tocila mai bolt 1.5 abin ba shi da yawa, amma a kan tantani mai wancan siranta ja ne mai ƙarfin gaske. Don haka kowane sodiyam da ke waje a matse yake ya koma ciki, yawa na tura shi, lantarki na jan sa. Cika wannan tanki ba araha ba ne. Yana cin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na makamashin da mutum ke ƙonawa yana kwance bai ɗaga ko tsinke ba, a ƙwaƙwalwa kuwa abin ya kai rabi.

A watan Agusta na 1960, a wani taron masana a birnin Prag, Ba'amurke Robert Crane ya zana hoton da ya haɗa zancen. Ya ce sel ɗin hanji ba ya kashe ATP kai tsaye a kan gulukos. Akwai furotin guda da ke ɗaukar sodiyam da gulukos tare; sodiyam na gangarowa ciki saboda matsuwar da yake ciki, shi kuma gulukos ya bi shi a matsayin ɗan rakiya, ko da kuwa a wurinsa hawa ne. A lokacin babu wanda ya taɓa ganin furotin ɗin, hasashe ne da aka gina kan gwaje-gwajen hanjin dabbobi. Sai a 1987 Ernest Wright da abokan aikinsa a Los Anjeles suka gano shi, aka raɗa masa suna SGLT1.

Zaure mai ƙofa biyu

Na yi ta cewa ƙofa, amma kalmar ba ta cika ba. Ƙofa a buɗe take ko a rufe, idan ta buɗe kuwa kowa ya kutsa. Abin da ya fi kama da wannan furotin shi ne zauren gidan Bahaushe: ɗaki mai ƙofa biyu, ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta kalli cikin gida, baƙo ya tsaya a tsakani. Bambancin kawai shi ne wannan zaure ba a taɓa buɗe ƙofofinsa biyu a lokaci guda. Oleg Jardetzky ne ya tsara wannan tunani a 1966, kuma hotunan furotin da aka ɗauka shekaru da yawa bayan haka sun gaskata shi.

Ga yadda abin ke gudana. Zauren yana buɗe ta wajen hanji. Sodiyam biyu suka shigo suka zauna a mazauninsu. Zamansu ya ɗan sauya siffar furotin ɗin, mazaunin gulukos, wanda da a lanƙwashe yake, ya daidaita. Gulukos ya shigo ya zauna. Sai a lokacin ƙofar waje ke rufewa, su ukun suna kulle a ciki na ɗan ƙiftawa, sannan ƙofar cikin gida ta buɗe. A cikin sel sodiyam ya yi ƙaranci, saboda haka biyun nan ba sa daɗewa suke ficewa daga mazauninsu, gulukos ma ya saki ya shige. Zaure ya zama fanko, ya rufe ta ciki, ya sake buɗewa ta waje.

Duk sirrin yana cikin doka guda: zauren yana juyawa ne idan ya cika ko idan babu kowa, ba ya juyawa da rabin kaya, in ban da ɗan yoyon da ba a rasa ba. Da zai yarda ya wuce da sodiyam shi kaɗai, da ya zama huji a gindin tanki, ruwa na zuba ba tare da ya yi wa kowa aiki ba. Da zai yarda ya wuce da gulukos shi kaɗai, da mun koma ga ƙofar saken nan mai zubar da sukarin mai azumi. Taurin kansa shi ne amfaninsa. Wannan ƙa'ida kuma tana da tsadarta ta wajen sauri. Hujin da jijiya ke aika saƙo da shi yana barin miliyoyin sodiyam su wuce a daƙiƙa ɗaya, zaure kuwa bai fi ya juya sau gommai ko ɗaruruwa ba. Da yawa ake cike giɓin, fuskar kowane sel na hanji a cike take da su.

Manomin fadama da ya san jigo ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda faɗuwar wani abu ke ɗaga wani. Dunƙulen laka a gindin sanda yana sauka, guga cike da ruwa yana hawa, kuma girman dunƙulen shi ke faɗin girman gugan da zai iya ɗagawa. Lissafin sel ma haka yake. Sodiyam ɗaya, da ninkin goma na yawa da kusan ninkin goma na lantarki, zai iya tara gulukos a cikin sel har ya ninka na waje sau 100. Idan biyu ne, ba 200 za a samu ba, 100 sau 100 ne, wato 10,000. Shi ya sa hanji, mai son suɗe kwano, yake biyan sodiyam biyu kan kowane gulukos. Abin lura kuma, jigo bai san gabas bai san yamma ba, ɓangaren da ya fi nauyi shi ke sauka. Idan tankin sodiyam ya zube, zauren yana iya juyawa da baya.

Gulukos ya shiga sel ɗin hanji, amma ba nan ne masauƙinsa ba. A ɗaya fuskar sel ɗin, wadda ke kallon jini, akwai wata ƙofa mai suna GLUT2, irin ta gangara, ba ta neman rakiya. Tunda gulukos ya taru a ciki, sai ya gangara ta nan ya faɗa jini. Famfon Skou ma a wannan fuskar yake zaune, yana kwashe sodiyam ɗin da ya shigo yana turawa wajen jini. Kuloraid ya bi sahun sodiyam ta tsakankanin sel da sel. Ruwa kuma ya bi su duka, don ruwa gishiri yake bi. Barbaɗa gishiri a kan yankakken gurji ka ga yadda yake tsatso ruwa. A kullum kimanin lita 8 zuwa 9 na ruwa ke shiga ƙaramin hanji. Lita biyu ne kawai daga ci da sha, sauran yawu ne da ruwan ciki da na maɗaciya da wanda hanjin kansa ke zubowa. Abin da ke fita a bayan gida bai kai kashi ɗaya cikin biyar na lita ba. Babu wani famfon ruwa a hanji, gishiri ake ja, ruwa ya biyo.

Akwai jarirai ƙalilan a duniya da ake haifa da SGLT1 mai naƙasa. Daga ranar da suka fara shan nono suke kama gudawa mai tsanani, domin sukarin nono yana rabuwa ne zuwa gulukos da galaktos, dukansu kuma ta wannan zaure suke shiga. Idan aka sauya musu madara mai furuktos, sukarin 'ya'yan itace mai tasa ƙofar daban, sai gudawar ta tsaya. A 1991 aka nuna cewa sauyin amino asid ɗaya tak a jikin furotin ɗin ya isa ya jawo wannan.

Ƙoda ma tana da nata. A kullum tana tace lita 180 na ruwan jini, kuma tare da shi gulukos kimanin giram 180 ke faɗawa cikin bututun fitsari. Duk jinin mutum a lokaci ɗaya bai ɗauke da fiye da cokalin shayi guda na gulukos ba, ka ga ke nan asarar ba mai ɗaukuwa ba ce. A farkon bututun akwai SGLT2, mai biyan sodiyam ɗaya kan gulukos ɗaya, shi ke kwashe kashi 90 cikin 100 da araha tunda kaya sun yi yawa a nan. Can gaba SGLT1 mai tsada ya tsince ragowar. Idan sukarin jini ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita, zaurukan sun cika maƙil, sauran ya wuce, shi ne ake ganin ƙiyashi na taruwa a fitsarin mai ciwon sukari. Masu haɗa magani sun juya wannan ya zama dabara. Tun 1835 aka ciro wani sinadari mai suna filorizin daga ɓawon saiwar tuffa, a 1886 Joseph von Mering ya ga yana sa sukari fita a fitsari. Jikokinsa su ne magunguna irin su dapagliflozin, wanda aka amince da shi a Turai a 2012, da empagliflozin. Suna toshe SGLT2 da gangan, mai ciwon ya riƙa zubar da giram 60 zuwa 80 na sukari a kullum. Daga baya aka ga suna kare zuciya da ƙoda ma, abin da ba a yi tsammani ba.

Ba ni gishiri in ba ka manda

Ba duk zaure ne na rakiya ba. Wasu na musaya ne: wannan ya shiga, wancan ya fita. Peter Mitchell, Baturen Ingila da ya bar jami'a ya kafa ɗakin bincikensa a wani tsohon gida a Konwal, shi ne ya bambanta su ya ba kowanne suna, kuma ya karɓi Nobel a 1978 kan nuna cewa irin wannan tanki ne sel ke amfani da shi wajen ƙera ATP ɗin kansa.

Musayar da ta fi ba ni sha'awa tana cikin zuciya. Kowane bugu yana farawa ne da kalsiyam ya kwararo cikin sel ɗin tsokar zuciya, ta matse. Kafin ta saki, dole a kwashe shi. Kalsiyam na waje ya ninka na ciki sau 10,000, saboda haka fitar da shi hawan tsauni ne, kuma zauren da ke wannan aiki yana karɓar sodiyam uku ya fitar da kalsiyam ɗaya.

A nan maharban ƙasar Hausa suka shigo labarin. 'Ya'yan kwankwani, wata kurangar daji, su ne jigon dafin da ake shafa wa kibiya tun zamanin yaƙe-yaƙe. Dafin kwankwani da na danginsa na wasu sassan Afirka yana liƙe wa famfon Skou ne ya tsayar da shi. Bai taɓa zauren kalsiyam ba ko kaɗan. Amma da famfo ya tsaya, sodiyam ya taru a cikin sel, tanki ya yi ƙasa, dunƙulen jigo ya rasa nauyi, kalsiyam ya kasa fita. Zuciya ta riƙa matsewa da ƙarfi fiye da kima, bugunta ya rikice, daga nan ta tsaya. Kaɗan daga wannan guba magani ne. Digoksin da ake ba wasu masu raunin zuciya aikinsa ɗaya da dafin kibiya, daga wani furen Turai ake samun sa, ɗan uwan wanda likita William Withering ya rubuta littafi a kansa a 1785. Tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa a wannan magani 'yar ƙarama ce, shi ya sa likitoci ke auna shi a jini. Tumfafiya ma, wadda ke tsirowa a kowane kango, ruwanta fari yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai, abin da ya kamata masu haɗa magani da ita su sani. Da irin wannan dafi na Afirka, mai suna wabayin, aka tabbatar cewa furotin ɗin da Skou ya samu a ƙaguwa shi ne famfon da ake nema, kuma har yau da shi ake kashe famfon a ɗakunan bincike.

Tankin guda yana ciyar da wasu zaurukan masu yawa. Ƙullin tayirod da ke gaban wuya yana jan ayodin daga jini da rakiyar sodiyam biyu. Idan ayodin ya yi ƙaranci a abinci sai ƙullin ya kumbura, shi ne maƙoƙo, kuma wani sinadari da jiki ke samarwa daga rogon da ba a jiƙa sosai ba yana yi wa ayodin ƙwacen mazauni a wannan zaure. Furosemid da ake ba mai kumburin ƙafa yana toshe wani zaure ne a ƙoda mai ɗaukar sodiyam ɗaya, fotasiyam ɗaya da kuloraid biyu, gishiri ya wuce fitsari, ruwa ya bi shi. Tsirrai kuwa ba da sodiyam suke cika nasu tankin ba, da haidurojin ne, kuma da rakiyarsa masara ke ɗora sukarin ganyenta cikin jijiyoyin da ke kai shi ga zangarniya.

Mu koma ga ORS ɗin da muka fara da shi. Ƙwayar cutar kwalara ba ta cin bangon hanji. Guba take saki, gubar ta shiga sel ta danne wata ƙofar kuloraid a buɗe. Kuloraid ya yi ta zuba cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su, kuma a lokaci guda gubar ta hana hanyar da hanji ya saba jan gishiri shi kaɗai. Babban mutum na iya zubar da lita guda a sa'a ɗaya, zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ya rasu kafin gari ya waye. Amma gubar ba ta taɓa SGLT1. Zauren yana nan lafiya lau, abin da ya rasa gulukos ne kawai. A kawo masa shi tare da sodiyam, ya ci gaba da ja, ruwa ya biyo.

Daga sanin wannan zuwa ceton rai an sha wuya. A 1962 likitocin sojan ruwan Amurka ƙarƙashin Robert Phillips sun gwada a Manila da haɗi mai kauri ƙwarai, ana kuma yi wa marasa lafiyar ƙarin ruwa ta jijiya a lokaci guda. Biyar daga cikin 30 suka rasu, aka jingine zancen. A 1968 a Daka, David Nalin da Richard Cash suka nuna cewa idan an daidaita awo, ana kuma mayar wa mutum gwargwadon abin da ya zubar, buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya tana raguwa da kusan kashi 80 cikin 100. Gwajin gaske ya zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, da kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a kan iyakar Indiya. Ruwan ƙari ya ƙare. Likitan yara Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da gulukos da bakar soda a cikin durom, ya miƙa wa dangin marasa lafiya kofuna su shayar da nasu. Cikin mutum fiye da 3,000 da aka yi wa haka, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa 3.6. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta ce mai yiwuwa wannan ne ci gaba mafi muhimmanci da aikin likita ya samu a ƙarnin. A wajen 1980 gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da miliyan huɗu a shekara, yau adadin bai kai rabin miliyan ba.

Duk da haka a 2021 Najeriya ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a jihohin arewa. Rashin ruwa mai tsabta ne tushen abin, wannan ba ya buƙatar gardama. Amma a ganina akwai raini a ciki. Mun ɗauka magani sai allura ko ƙarin ruwa, abin da ake damawa a kofi kuwa na marasa galihu ne. Sannan ORS ba ya tsayar da zawo, ba aikinsa ba ne, mayar da ruwa yake yi har jiki ya kori cutar. Uwa ta ba yaro kofi biyu, ta ga zawo bai tsaya ba, ta ajiye ta nemi kafso. A daidai lokacin ne ya fi buƙatar kofi na uku.

Awo kuma ba abin wasa ba ne, darasin Manila ke nan. Zaure yana ɗaukar gulukos ne gwargwadon sodiyam ɗin da ya samu. Sukarin da ya yi saura a hanji jan ruwa yake yi zuwa inda yake, zawo ya ƙaru. Lemon kwalba yana da sukari fiye da giram 100 a lita, sodiyam kuwa kusan babu, don haka ba madadin ORS ba ne. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka koma kansa tun 2002 yana da gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, fotasiyam kuloraid giram 1.5 da sitiret giram 2.9 a lita ɗaya. Duba jikin fakitin ka ga yawan ruwan da aka rubuta, kada a rage, kada a ƙara.

Idan babu fakiti a kusa, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu na fiya wata irin mai santilita 50, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, idan yaro ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Kada a daina ba shi nono, a haɗa masa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a dama sabo. Yaron da idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, a kai shi asibiti nan take, ana tafe ana ba shi a hanya in zai iya haɗiya.